Cututtukan Bakteriya a Gidajen Kiwon Kaji da Lafiyar Ma'aikata: Tambayoyi da Amsoshi

Kiwon kajin gidan gona ya bunƙasa a gefen biranen Kano, Kaduna, Zariya, Jos da sauran garuruwan Arewa, kuma galibin bayanin da ake yi wa masu kiwo ya ta'allaƙa ne a kan yadda za a hana kaji mutuwa. Ba a cika yin magana a kan mutumin da ke wuni a cikin ɗakin kajin ba, wato wanda ke zuba abinci, ya wanke mazubin ruwa, ya kwashe ƙwai, ya share kashi, ya kuma tsince waɗanda suka mutu da sassafe. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi lafiyar kajin da ta wannan ma'aikaci tare, domin ba a iya raba su.

Mene ne ya bambanta cutar bakteriya da sauran cututtukan kaji?

Bakteriya wata halitta ce ƙanƙanuwa da ido ba ya gani, wadda ke iya rayuwa da hayayyafa a cikin hanjin kaza, a cikin ruwan sha, a jikin ɓawon ƙwai, da kuma a cikin shimfiɗar ɗakin kaji idan ta jiƙe. Cututtukan da aka fi jin sunansu a bakin masu kiwo, irin su Niyukasul, Gumboro da murar tsuntsaye, bairos ne ke haddasa su, wato wata irin ƙwayar cuta daban da ta fi bakteriya ƙanƙanta, shi kuwa kashin jini na koksidiyosis wani nau'in ƙwayar halitta ne daban da ke cin hanji ke jawo shi. Amfanin sanin wannan bambanci shi ne maganin antibayotik yana aiki ne a kan bakteriya kaɗai, ba ya kashe bairos ko kaɗan, duk da cewa shi ne abu na farko da mutane da yawa ke zubawa a ruwa da zarar sun ga kaza ta yi laƙwas.

Waɗanne cututtukan bakteriya ne suka fi addabar kaji a yankinmu?

A sahun gaba akwai dangin Salmonela. Nau'in Fulorum shi ne ke jawo farin kashi a jikin 'yan tsaki, ya liƙe musu dubura, ya kashe su a makonnin farko na rayuwarsu, kuma sau da yawa daga uwa yake biyo ƙwai, shi ya sa zaɓen wurin da za a sayi 'yan tsaki yake da muhimmanci matuƙa. Nau'in Galinarum kuwa shi ne ke haddasa taifot ɗin kaji, wanda ya fi kama manyan kaji masu ƙwai, inda za a ga tukkunsu ya koɗe, kashinsu ya koma ruwa-ruwa mai launin ɗorawa ko tsanwa, idan kuma aka fiɗe su sai a tarar hanta ta kumbura.

Bayan su akwai Ikolai, wadda ke zaune a hanjin kowace kaza ba tare da wata illa ba, sai ranar da cunkoso, zafi ko warin ɗaki ya raunana kajin, sannan ta shiga jakunkunan iska da zuciya da hanta. Akwai Maikofilasma, mai jawo doguwar mura da minshari da raguwar ƙwai. Akwai koraiza, mai kumbura fuska da rufe ido. Akwai kwalarar kaji, wadda ƙwayar Fasturela ke haddasawa, mai iya kashe manyan kaji da talo-talo farat ɗaya. Akwai kuma ruɓewar hanji da ƙwayar Kilostiridiyum ke jawowa, wadda ta fi yawa a cikin buroila, wato kajin nama, musamman bayan koksidiyosis ya raunana hanjin.

Shin duk cutar da ta kashe kaza tana iya kama mutum?

A'a, kuma a nan ne mafi yawan ma'aikata suke yin kuskuren lissafi. Cututtukan da suka fi kashe kaji, wato farin kashi, taifot ɗin kaji, koraiza da Maikofilasmar kaji, sun saba da jikin tsuntsu ne, kuma da wuya ƙwarai su yi wa mutum lahani. Waɗanda suka fi kwantar da mutum kuwa, galibi ba sa nuna wata alama a jikin kazar da ke ɗauke da su.

Babban misali shi ne Kamfilobakta. Wannan ƙwaya tana zama a hanjin buroila da yawan gaske, kazar tana ci tana sha tana ƙiba, mai gona yana murna, alhali kashinta cike yake da abin da zai iya sa mutum gudawa mai jini da murɗar ciki na kwanaki. Haka nan nau'o'in Salmonela guda biyu, Entaraitidis da Taifimuriyum, suna iya zama a jikin babbar kaza lafiyayya, har ma Entaraitidis takan shiga cikin ƙwai tun kafin ɓawo ya rufe shi. Saboda haka ma'aikacin da ke cewa kajinsa lafiyarsu ƙalau, don haka babu buƙatar ya wanke hannu kafin ya ci abinci, ya gina hujjarsa a kan abin da ba ya tabbatar da komai. A ganina wannan ne darasi na farko da ya kamata a koya wa duk yaron da aka ɗauka aiki, tun kafin a nuna masa yadda ake auna abinci.

Idan kaji suka kamu da taifot, ma'aikaci zai iya ɗaukar zazzaɓin taifot daga gare su?

Ba zai ɗauka ba. Zazzaɓin taifot na mutane wani nau'in Salmonela ne daban ke kawo shi, mai suna Taifi, wanda ba ya kama kowa sai ɗan Adam, kuma yana yaɗuwa ne ta ruwa ko abincin da bayan gidan mutum ya gurɓata. Idan ma'aikatan wata gona suna yawan fama da taifot, rijiyarsu da masai ɗinsu ya kamata a bincika.

Ta wace hanya ƙwayar cutar ke shiga jikin ma'aikaci?

Hanya mafi girma ita ce daga hannu zuwa baki. Mutum ya kwashe ƙwai masu kashi, ko ya kama kaji ana lodin su a mota, sai ya ɓare goro, ko ya kunna taba, ko ya fasa ledar ruwa da haƙori, ko ya latsa wayarsa sannan daga baya ya ci abinci da hannun da ya riƙe ta. Cin abinci a bakin ƙofar ɗakin kaji, da shan ruwa daga tankin da ake bai wa kaji, duk suna cikin wannan hanya.

Ta biyu ita ce numfashi. Kashin kaji idan ya bushe yakan zama ƙura tare da gashin jiki da garin abinci, kuma lokacin da aka fi shaƙar ta shi ne ranar kwashe tsohuwar shimfiɗa, ko ta garin katako ce ko ta ɓuntun shinkafa, musamman a lokacin hunturu da komai yake a bushe. Ta uku ita ce fata, idan akwai yanka, ƙaiƙayin da aka sosa ya fashe, ko kuma karcen farcen kaza. Masu yanka da figar kaji a kasuwa sun fi kowa shiga wannan haɗari, domin suna wuni hannunsu a cikin ruwan ɗumi guda da aka tsoma kaji masu yawa, ga wuƙa, ga tsinin ƙashi. Ta irin wannan rauni ne ƙwayar Erisifelotiris, wadda ta fi yawa a jikin talo-talo, ke shiga ta haddasa kumburi mai launin ja ko shunayya a yatsa, mai zafi da raɗaɗi.

Waɗanne alamu ne za su nuna ma'aikaci ya kamu, kuma yaushe ya wajaba ya je asibiti?

Ciwon Salmonela yakan bayyana tsakanin awa 6 zuwa 72 bayan ƙwayar ta shiga ciki, da zazzaɓi, ciwon ciki, gudawa, wani lokaci har da amai, kuma yakan ɗauki kwana 2 zuwa 7. Na Kamfilobakta ya fi jinkiri, domin yakan ɗauki kwana 2 zuwa 5 kafin ya fito, shi ya sa mutum ba ya cika danganta shi da aikin da ya yi a farkon mako. Mafi yawan manya masu ƙarfin jiki suna warkewa da kansu idan suka dage da shan ruwan gishiri da sukari, ba tare da buƙatar antibayotik ba.

Ya wajaba a je asibiti idan aka ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai tsanani, ko amai ya hana ruwa zama a ciki, ko fitsari ya ragu sosai, ko kuma gudawar ta wuce kwana 3 ba ta lafa ba. Akwai wata alama da ba kowa ya san ta ba: a wasu mutane ƙalilan, bayan makonni da warkewa daga gudawar Kamfilobakta, ƙafafu kan fara sanyi da rauni, raunin yana hawowa sama. Likitoci suna kiran wannan ciwo Giyan-Bare, kuma yana buƙatar asibiti cikin gaggawa domin yana iya kaiwa ga tsokokin numfashi. A duk lokacin da ma'aikaci ya je gaban likita, ya faɗa masa a fili cewa a gidan kaji yake aiki, domin idan bai faɗa ba, da alama za a yi masa maganin zazzaɓin cizon sauro a sallame shi.

Tarin da masu aikin kaji ke yawan yi, cuta ce ko sabo?

Bai kamata a ɗauke shi a matsayin sabo ba. Ƙurar ɗakin kaji tana ɗauke da ɓurɓushin matattun bakteriya masu fusata hanyoyin numfashi, ga kuma iskar amoniya da ke tashi daga jiƙaƙƙen kashi, wadda ita ce ke sa ido yaji da hawaye idan an shiga ɗaki da safe. Wanda ya daɗe yana shaƙar waɗannan yana iya kamuwa da tari mai majina da ba ya jin magani, ko ciwon asma, ko wanda yake da ita ta ƙara tsanani. Abin lura shi ne hancin mutum yakan saba da warin amoniya, ta yadda tsohon ma'aikaci zai ce ba ya jin komai alhali baƙo ba ya iya tsayawa minti biyar a ciki. Idan ido na yaji, to kajin ma suna cutuwa, kuma wannan ne ke buɗe wa Ikolai ƙofa a jikinsu.

Akwai kuma cutar bakteriya ta huhu da ake ɗauka kai tsaye daga tsuntsaye, wadda ƙwayar Kilamidiya ta tsuntsaye ke jawowa. An fi samun ta a jikin aku, tattabaru, agwagi da talo-talo, kuma tana fitowa bayan kwana 5 zuwa 14 da zazzaɓi, matsanancin ciwon kai, ciwon jiki da busasshen tari, har ta kai ga ciwon huhu. Tana jin magani idan likita ya gane ta, kuma ba zai gane ta da wuri ba sai ya san sana'ar majinyacin. Shan madara bayan aikin ƙura, kamar yadda wasu ke yi, ba ya wanke komai daga huhu, domin madara ciki take tafiya.

Su wane ne suka fi fuskantar haɗari?

Yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi, mata masu juna biyu, da duk wanda garkuwar jikinsa ta raunana. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara an san cewa Salmonela tana tsallake hanji ta shiga jini a jikin yaran da ke fama da zazzaɓin cizon sauro ko tamowa, da masu cutar ƙanjamau, a jikin masu sikila kuwa takan kai har cikin ƙashi. Ma'aikacin da ya koma gida da rigar aikinsa da takalminsa, ya ɗauki ɗansa kafin ya yi wanka, yana iya kai masa abin da shi kansa bai ji a jikinsa ba. Don haka bai dace a bar ƙananan yara suna wasa da 'yan tsaki ba, haka kuma bai dace a ajiye kwalin 'yan tsaki a ɗakin kwana ko a madafa don a ɗumama su ba.

Mece ce illar bai wa kaji antibayotik a kai a kai, tunda yana hana su mutuwa?

Duk lokacin da aka zuba antibayotik a ruwan kaji, ƙwayoyin da ba su da ƙarfi suna mutuwa, masu juriya su tsira su hayayyafa. Idan aka maimaita haka garke bayan garke, a ƙarshe abin da ke cikin ɗakin shi ne ƙwayoyin da maganin ba ya taɓawa, kuma su ne ma'aikaci ke shaƙa da taɓawa kullum. Magungunan da ake sayarwa don kaji, irin su tetirasaikilin, enrofuloksasin, jentamaisin da kolistin, dangin waɗanda ake bai wa mutane ne a asibiti, ko ma su ne da kansu. Enrofuloksasin ɗan uwan sifrofuloksasin ne, wanda likita kan rubuta wa mai tsananin gudawa, kolistin kuwa yana cikin magunguna na ƙarshe da ake komawa gare su idan sauran sun gaza. A shekarar 2015 masana a ƙasar Sin suka sanar da gano wata ƙwayar gado da ke sa bakteriya ta bijire wa kolistin, wadda ke iya tsallakawa daga wata bakteriya zuwa wata.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 bijirewar bakteriya ga magani ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya, kuma yankin Afirka ta Yamma ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a. Tarayyar Turai ta hana amfani da antibayotik don ƙara wa dabbobi girma tun 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ba da shawara a 2017 cewa a daina bai wa lafiyayyun dabbobi waɗannan magunguna haka kawai.

Abin da ya dace shi ne idan kaji suka fara mutuwa a kai wasu ga likitan dabbobi ya fiɗe su, a kuma yi gwajin da zai nuna wane magani ne ke kashe ƙwayar. Ana yin wannan a asibitocin koyarwa na likitan dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, kuma take samar da alluran rigakafin taifot da kwalarar kaji. 

Ana iya cin nama ko ƙwan kajin da ake yi wa magani?

Kowane magani na kirki yana ɗauke da adadin kwanakin da za a jira bayan an daina ba da shi kafin a yanka kazar ko a sayar da ƙwanta, kuma dole ne a kiyaye wannan wa'adi, domin dafawa ba ta kawar da ragowar maganin gaba ɗaya. Wasu magungunan ma, irin su kuloramfenikol da furazolidon, an hana bai wa dabbobin da ake ci kwata-kwata.

Al'adar gaggauta yanka kazar da ta kusa mutuwa don kada ta zama mushe, sannan a raba wa ma'aikata ko a sayar da rahusa, tana da haɗari ta fuska biyu: kazar tana cike da ƙwayar cuta, kuma galibi tana cike da magani. Halaccin yanka bai mayar da nama mai cuta lafiyayye ba. Matattun kaji kuwa a binne su a rami mai zurfi nesa da rijiya, ko a ƙone su, kada a jefa wa karnuka ko kifi ɗanye. Lafiyayyen nama ma sai an dafa shi har cikinsa ya kai zafin digiri 74 a ma'aunin Salshiyos, wato babu sauran ja a jikin ƙashi, ƙwai kuma ya dahu har gwaiduwar ta daskare. Fasassun ƙwai da ake bar wa ma'aikata su ne mafi hatsari, kuma shan ɗanyen ƙwai da sunan ƙarin jini ba shi da wani amfani da ya kai haɗarinsa.

Yaya batun takin kaji da ake sayar wa masu lambu?

Ɗanyen taki yana ɗauke da duk abin da ke hanjin kajin. Kamata ya yi a tara shi wuri guda na wasu makonni, ana juya shi har ya yi zafi ya ruɓe, kafin a zuba wa latas, kabeji, karas da sauran abin da ake ci ɗanye. Mai ɗura shi a buhu ya rufe hanci da baki, ya kuma ɗan yayyafa masa ruwa don ƙura ta kwanta.

Waɗanne kayan kariya ne suka zama dole, ko da gonar ƙarama ce?

Na farko shi ne ruwa da sabulu a bakin ƙofar kowane ɗaki, domin ko an sayi komai, idan wurin wanke hannu yana da nisa ba za a je ba. Sai rigar aiki da dogayen takalman roba waɗanda ba sa barin gonar, da safar hannu ta roba don ɗaukar matattun kaji da wanke mazubai, da takunkumin fuska mai tace ƙura wanda ke kama fuska sosai a ranakun shara da kamun kaji. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare ƙurar da ta fi ƙanƙanta, wadda ita ce ke kaiwa can cikin huhu. Kwamin tsoma ƙafa da ke bakin ƙofa yana aiki ne kawai idan ana sauya ruwan maganin, kuma aka kankare kashin da ke jikin takalmi kafin a tsoma. A ware wurin cin abinci nesa da ɗakunan, a rufe duk wani rauni kafin a fara aiki, a kuma yaƙi ɓeraye da gaske, domin suna daga cikin manyan masu ajiye Salmonela daga garke zuwa garke. Idan an sayar da kaji, a kwashe shimfiɗa, a wanke ɗakin, a yi feshi, a bar shi babu kaji kamar mako 2 kafin a zuba sababbi.

Magungunan feshi da alluran rigakafi su ma suna cutar da ma'aikaci?

Suna iya cutarwa. Fomalin da ake turara ɗaki ko injin ƙyanƙyasa da shi yana ƙona ido da maƙogwaro, kuma yana cikin sinadaran da aka tabbatar suna jawo cutar daji, don haka ba a shiga ɗakin sai iska ta kore shi. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanki ko feshi, domin haɗin yana iya fitar da iska mai guba. Idan kuma mai yi wa kaji allura ya soki yatsarsa da allurar rigakafi mai maiƙo, ya tafi asibiti nan take da kwalbar a hannunsa ko da ba ya jin zafi, domin man yana iya kumbura yatsar har ya hana jini gudana a cikinta.

Wane ne ke da alhakin lafiyar ma'aikaci, kuma wa za a sanar idan kaji na mutuwa da yawa?

Samar da kayan kariya da wurin wanke hannu nauyi ne a kan mai gona, bai kamata a cire kuɗinsu daga albashin ma'aikaci ba. A Najeriya, Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke aiwatarwa, ta tanadi diyya ga wanda ya ji rauni ko ya kamu da cuta sanadin aikinsa, kuma mai ɗaukar ma'aikata ne ke biyan gudummawar kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi.

Idan kaji suka fara zubewa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a ɗauka kwalarar kaji ce a ci gaba da zuba magani, domin murar tsuntsaye ma haka take farawa, kuma ido kaɗai ba ya rarrabe su. An fara tabbatar da ita a Najeriya a watan Fabrairun 2006 a wata gona a Jihar Kaduna, a farkon 2007 kuma ta yi sanadin mutuwar wata mata a Legas. A irin wannan yanayi a dakatar da fitar da kaji, ƙwai da taki, a hana baƙi shiga, kada kowa ya taɓa mushen da hannu tsirara, sannan a sanar da ofishin likitan dabbobi na ƙaramar hukuma ko na jiha, a Nijar kuma ma'aikatan kiwo na yankin. Duk ma'aikacin da ya yi zazzaɓi, tari ko jan ido a cikin kwana 10 bayan ya taɓa kajin, ya je asibiti ya bayyana abin da ya faru a gonar.